Ba Ma Jin Ka, Mai Fanka

"Ɗaga ta sama kaɗan, Ƙanwa. Sabis ɗin gidan nan sai da lallashi, kamar jinjiri."

Mai Kitso ta ƙara miƙa hannu har wayar ta taɓa ƙarfen taga. Muryar Malama da ta tsinke ta dawo, tana ta bayanin yadda wutar lantarki ke bi ta cikin wayoyi. Mai Fanka yana kwance a katifa, ƙafafunsa a kan filo, kewaye da fankokin mutane da aka kawo gyara, wasu ba kai, wasu ba fiffike. Hannunsa ya daina iya riƙe komai, shi ya sa ya roƙi maƙwabciyarsa ta riƙa riƙe masa wayar idan lokacin aji ya yi.

Ba ta gane karatun. Ita dai tsayuwa take yi har kafaɗarta ta yi tsami, ta sauya hannu.

Ya taɓa ba ta labarin yadda ya shiga jami'a da ƙafarsa tun yana saurayi. Ɗakin karatu ya cika har waje, shi kullum ta taga yake leƙen allo. In malamai ba su tafi yajin aiki ba, ciwon sikila ya kayar da shi, ya tashi ya tarar an yi jarrabawa. Haka aka sallame shi. Da ya ji ana karatun jami'a ta waya, sai ya koma. Ya ce a nan ko a kwance yake yana cikin aji, kuma ba mai tambayarsa me ya sa idanunsa suka yi ɗorawa.

Inna mai gidan hayar ta leƙo da tsintsiya a hannu. "Farfesa, yau ma waya ce ke koya maka karatu? In ka gama a ba ka takardar ta waya, ka ci ta waya."

"Ke zan fara gayyata, Inna. Ki zo ta waya."

Da aka tashi daga aji ya daɗe yana kallon silin. Sannan ya gaya mata cewa akwai aikin ƙarshe da aka haɗa shi da wasu ɗalibai biyu, nasa rabon bai gama ba, kuma bai gaya wa kowa ba shi da lafiya ba.

"Mutane suna ɓacewa a ajin nan, Ƙanwa. Yau ka ji muryar mutum, gobe shiru, sai a ce ya gaji ya gudu. In ta faru, ki shiga ki gaya musu ban gudu ba."

Ita da ko a gaban matan da take yi wa kitso ba ta iya haɗa magana, sai dai su yi hirarsu tana tsaga. Ta ce ya bar wa yayansa wannan saƙon. Ya ce yayansa gani yake duk wasa da waya ne. Ta sunkuyar da kai, ta ce to.

Da safe aka kai shi asibiti, bai dawo ba. Yayan ya zo da mota ya tafi da gawarsa garinsu. Masu fankoki suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi addu'a ya ɗauki tasa yadda take. Ɗakin ya zama fili. Wayar kuwa Inna ta ajiye, kafin yayan ya dawo kwasar kaya.

Ranar aji Mai Kitso ta ƙarasa kan wata mata da wuri, ta wanke man hannunta, ta karɓi wayar da makullin ɗakinsa a wurin Inna. Ta tsaya a gindin tagar, ta danna inda ta saba dannawa. Ƙananan akwatuna baƙaƙe suka cika fuskar wayar, kowanne da suna a ƙasa.

"Mai Fanka, ashe kana nan," in ji Malama. "Abokan aikinka sun kawo ƙararka. Ina ka shiga? Muna jin ka."

Mai Kitso ta rufe ido. Kunnuwanta suka toshe, ba ta jin komai sai bugun zuciyarta. Ta fara magana. Ta faɗi yadda yake gyaran fanka da safe ya yi karatu da yamma, da yadda yake cije gefen filo idan ciwon ya motsa don kada ya dami maƙwabta. Ta faɗi yadda ya yi ta ƙoƙarin zana rabonsa na aikin har biro ya riƙa suɓucewa daga yatsunsa. Tunda take ba ta taɓa yin magana mai tsawo haka ba. Har ta ji daɗin yadda kalmomin suka zo mata a jere.

Da ta buɗe ido, sai ta ji Malama ta yi nisa cikin darasi, wani ɗalibi yana amsa tambaya. Ba wanda ya ji ta.

Ta tsaya da wayar a hannu, ba ta san laifin da ta yi ba. Can wani namiji ya yi dariya ya ce Mai Fanka ya shigo ya yi barci, a cire shi daga rukuninsu kawai su huta.

"Ba ma jin ka, Mai Fanka," Malama ta ce. "Makirufonka a kulle yake. Ka duba ƙasa, mai jan layi. In ba ka yi magana ba zan raba aikinka."

Ta nemo shi, ta taɓa. Jan layin ya ɓace. Amma duk maganar ɗazu ta tafi, ko ɗaya ba ta rage ba. Ta ji numfashinta yana fita ta wayar.

"Ba shi ba ne," ta ce. "Maƙwabciyarsa ce. Ya rasu. Ya ce in gaya muku bai gudu ba."

Can cikin wayar ta ji kukan akuya a gidan wani.

"Allah ya jiƙansa," in ji Malama a hankali. "Ba mu taɓa ganin fuskarsa ba."

Sai wani baƙin akwati ya yi haske, mai shi ta buɗe kyamara. Wata mata ce da goyo, tsaye a bakin murhu. Wani ya biyo, mai gadi da hularsa a gindin ƙofar ƙarfe. Wata yarinya a bayan kantar shago, tsakanin gwangwanaye. Wanda ya yi dariyar ashe direba ne, zaune a motarsa a gefen hanya, ya dafe baki da hannu. Kallonta kawai suke, ko kallon baƙin akwatin da take ciki.

Sannan sabis ya ɗauke. Fuskokin suka tsaya cak, matar nan hannunta a kan bayan jaririn. Mai Kitso ba ta sauke wayar ba. A tsakar gida Inna tana kwashe shanya.