Kwalbar Mai a Ɗakin Taro

Shekara biyu Dakta ta yi tana haɗa lissafin da zai nuna lokacin da kakin cikin ɗanyen mai zai daskare ya toshe bututu. Yau kamfani zai karɓi aikin nata ko ya ba wani.

Farfesa, wanda ya duba aikin, shi ya ce a ajiye kwalbar man a tsakiyar tebur, wai manya sun fi yarda da abin da ido ya gani. Ya manta Manaja ba ya zama ɗaki sai ya kai esi, na'urar sanyaya ɗaki, digiri sha shida.

Dakta ta haska zanen layin lissafinta a bango, lanƙwasa mai kyau, babu ɗigo ko ɗaya da ya kauce.

"Man nan ba zai kama jiki ba sai sanyi ya kai digiri goma," ta ce.

Akantan kamfanin, da barci ya fara ɗauka, ya jawo kwalbar yana wasa da ita. Ya kifa ta. Babu abin da ya motsa.

"Dakta, wannan na bututu ne ko na shafawa? Uwargida na neman irinsa."

Aka bushe da dariya, ban da ita. Ta san inda gizo yake saƙa. Bara gwaji uku sun ƙi bin layin, Farfesa ya ce kuskuren na'ura ne, suna ɓata zane, a goge su. Ta goge.

Manaja ya ɗauki rimot ya kashe esin. Aka zauna ana gumi, manya bakwai sun zuba wa kwalba ido, har man ya saki ya gangara.

"To, an gyara," in ji Manaja. "'Yata, sa hannu a rahoton mu tashi."

"Ranka ya daɗe, bututun a ƙarƙashin teku yake. Can babu rimot."

Farfesa ya taka mata ƙafa ta ƙarƙashin tebur, fuskarsa cike da murmushi.

"Yarinya ce, yallaɓai, akwai ta da barkwanci."

"A ba ni lokaci in mayar da gwajin nan uku," ta ce.

"Wane gwaji?" in ji Farfesa, yana kallon silin.

Ta mayar da murfin biro. Manaja ya kunna esinsa.

Aka ba wasu masana aikin. Su da suka zo gabatarwa, ba su kawo kwalba ba.