Lambar da aka ba Muntaka

Muntaka mahauci ne a kasuwar Batsari, asalinsa ɗan Ruma. Ya shekara ashirin yana bin kasuwanni sayen dabbobi har tsallaken iyaka, babu hanyar dajin da bai taka ba. Shi ya sa da wata ƙungiyar ƙasar waje ta kira taro a Safana kan yadda Nijeriya da Nijar za su haɗa hannu su daƙile ta'addanci, mai gari ya tura shi.

Kwana uku aka yi. Ga Turawa biyu, ga mutanen Abuja, ga baƙi daga wajen Maraɗi. Ranar ƙarshe jami'in shirin, Malam Haisam, ya raba wa kowa kati mai ɗauke da lambar waya.

"Da kun ga motsi ku kira," in ji shi. "Kafin minti goma labari ya kai ƙasashen biyu."

Muntaka ya yarda. A wajen cin abinci ya zauna kusa da wani Jafaru, shi ma mahauci, daga wani ƙauye na wajen Madarunfa. Suka kushe naman da aka ba su, suka yi dariya, suka karɓi lambar juna.

Bayan wata bakwai, lokacin cirar gyaɗa, Muntaka yana daddatsa cinyar wani sa da hantsi sai Mati ya kira shi, ɗan yayarsa Zuwairatu, wadda ta raini Muntaka bayan rasuwar mahaifiyarsu.

"Kawu, ɓarayi sun zo gona a kan babura. Sun kwashi mata biyar, har da Inna. Sun yi arewa."

Arewa na nufin iyaka. Muntaka ya san mashigar ƙoramar da za su bi, ya kuma san Zuwairatu na fama da ciwon ƙafa, in hanyar babur ta ƙare ba za ta iya tafiyar ƙasa ba. Jami'an tsaron gida sun bi sawu, amma an riga an yi musu nisa. Abin da ake bukata shi ne a tare gaba. Ya ciro katin da hannunsa mai jini ya kira. Layin a kashe. Ya sake, ya sake, kafin ya nemi Malam Haisam a wayarsa.

"Innalillahi, Allah ya kuɓutar da su," in ji Haisam. "Sai dai kashin farko na shirin ya ƙare watan jiya. An rufe layin sai an amince da na biyu. Ka rubuto mana rahoto."

"Rahoto? Yayata na hannun ɓarayi, Malam! Kun rufe layi ba ku gaya wa kowa ba? Ni na bi gida gida a Ruma ina rubuta wa mutane lambar nan a bango!"

"Ka yi haƙuri, ba a hannuna abin yake ba."

Muntaka ya katse. Ya ɓata awa biyu yana kiran mutanen Abujan da suka zo taron, wasu ba su ɗauka ba, ɗaya ma bai gane shi ba. Sai da aka kira azahar ya tuna da Jafaru.

"Mi ya hana ka kira ni tun ɗazu?" Jafaru ya ce. "Wace mashiga?"

Jafaru ya bar teburinsa ya hau babur zuwa wurin mai garinsu, suka tafi tare wurin jandarmomi. Washegari da safe aka yi arangama a tsallaken ƙoramar. Ɓarayin suka watse, aka kuɓutar da mata huɗu. Su ne suka ba da labari: tun jiya da la'asar Zuwairatu ta zauna ta ce ƙafarta ta ƙi, ɓarayin suka harbe ta a gindin wata kanya, saura kaɗan a isa iyaka. Muntaka da Mati suka je da 'yan sa-kai suka ɗauko ta.

Da damina ta zagayo aka buɗe kashi na biyu, aka sake gayyatarsa Safana. Ya je. Yana zaune aka haska hoton matan nan huɗu a jikin bango, Haisam yana bayani cewa wannan na cikin nasarorin shirin, tunda a taronsu aka ƙulla zumuncin da ya cece su. Aka fara tafi.

Muntaka ya miƙe. "Biyar ne."

"Malam Muntaka, akwai lokacin tambayoyi."

"Na ce biyar aka ɗauka! Ina ta biyar ɗin? Sunanta Zuwairatu. Ku sa ta a bango! Na kira lambarku da hantsi, an harbe yayata da la'asar. Ku ƙirga awannin da ke tsakani. Ɓarawo ba ya jiran kashi na biyu, ba ya nuna takarda a iyaka. Ku kuwa haɗin kanku na da ranar buɗewa da ranar rufewa kamar shago!"

Baturiyar da ke gaba ta juya ga tafinta. Tafinta ya yi ƙasa da murya ya ce mata ɗan ƙorafi ne kan waya. Jafaru, wanda ya iya Faransanci, yaren da take ji, ya tashi daga baya ya fassara mata komai, ya ƙara mata da labarin kanyar. Ta ajiye biro, fuskarta ta yi ja. Ta ce za a bincika.

"A bincika," Muntaka ya ce, ya fice. Mahauta da dillalan shanu bakwai na ƙasashen biyu suka bi shi. A inuwar wani shagon faci suka tsaya, kowa ya karanto lambarsa saura suka adana, suka yi alkawarin duk wanda ya ga babura ya kira na gaba da shi.

Bayan sati uku takardar ban haƙuri ta zo da Turanci. Mati ya fara karanta masa a bakin teburin nama. Bai kai rabi ba Muntaka ya ce ya isa haka, ya juya ya tambayi matar da ke jira naman nawa za a yanka mata.