Sunan da Ke Jikin Akwatin Wasiƙa

Karo na biyu ke nan ƙunshin ya dawo wa Noreen Pascoe daga Jamus, rigar sanyin da ta saƙa wa jikarta Elke na ciki yadda ta naɗe ta. Tun da ɗanta Craig ya rasu, matarsa ta ɗauke yarinyar ta koma garinsu Kassel, ta sake aure, ta daina amsa saƙo. Adireshi da lambar wayar gida kawai suka rage wa Noreen.

Ta tsallaka gidan maƙwabciyarta Waltraud, Bajamushiyar da ta tsufa a nan garin Tanunda ba ta daina kushe burodin garin ba. Zaman doya da manja suke yi tun ranar bikin Craig, da Noreen ta ce matan Jamus ba su da fara'a, ta manta wa ke bayanta.

Waltraud ta juya ƙunshin, idonta ya daɗe a kan sunan yarinyar.

"Lambar gida na bayan sunan titi yadda kuke so," in ji Noreen. "Me kuma na ɓata?"

"Oho. Kira su ki tambaya mana, Malama. Zan sa miki maganar a baki."

Maganar ita ce *Ist die Adresse so richtig*, wato shin adireshin daidai yake a haka. Noreen ta yi ta bitarta tana shanya, tana ba kaji hatsi. Waltraud kan leƙo ta katanga ta ce, "Sake dai, maƙwabciya. Na zaci ƙashin kifi ne ya maƙale miki."

Ran Lahadi da yamma suka kira daga kicin ɗin Waltraud. Jamusawa in sun ɗaga waya sunansu suke fara faɗa. Wata 'yar siririyar murya ta ce, "Elke Brandt."

Noreen ta san muryar, sunan ne ba ta sani ba. Duk abin da ta tanada na kaka da jika ya gudu, sai abin da ta haddace ya fito. Ta karanto titi da lamba, ta yi tambayarta tsaf, ba tuntuɓe. Yarinyar ta amsa cikin ladabi, ta ɗaga murya ta yi wa wani magana, aka ajiye wayar. Masu cewa yaro ba ya manta muryar kakarsa suna faɗa ne don tsofaffi su samu barci.

"Me ta ce?"

"Ta ce daidai ne. Ta kuma ce wa uwarta wata mata ce daga gidan waya." Waltraud ta kurɓi shayi. "Kin iya, wallahi. Ko ni sai na ɗauka ma'aikaciya ce."

"To me ya sa yake dawowa?"

"A can mai raba wasiƙa sunan da ke jikin akwati yake bi. Babu Pascoe a gidan nan. Sunan mijin uwarta take amsawa yanzu."

"Kin sani tun ran nan!"

"Na zata. Da na faɗa, cewa za ki yi halinmu ne na Jamusawa."

Noreen ta jawo ƙunshin, ta karɓi biron da aka miƙo mata. Da hannunta ta soke Pascoe, sunan da yarinyar ta gada daga ɗanta, ta rubuta Brandt a samansa.

"Juya bayan," in ji Waltraud. "Naki ma, na mai aikowa. In uwar ta ga Pascoe, ba za ta bari a buɗe ba."

Noreen ta juya, ta soke wannan ma.