Fatihar 'Yan Farin Kwano

Ranar da Bawa Direba ya ture kwanon fura da bayan hannu, matarsa Tani ta ɗauka hawan jinin ne ya motsa. Ashe ƙwallo ce.

Da can Bawa ya yi wa wasu Amurkawa masu haƙa rijiyar burtsatse tuƙi, daga Isa zuwa Tozai, zuwa Kamarawa, har bakin iyaka. Babbansu, wani dogo mai jan wuya da mutane suka sa wa Mai Rijiya, shi ya koya masa kallon ƙwallon ƙasarsu. Da za su tafi ya bar masa hular hana-salla da kaset ɗaya na wasan da ƙungiyar garinsu ta ɗauki kofi. Sunan ƙungiyar ya ƙi zama a bakin kowa a Kamarawa, sai aka duba abin da ke kansu aka sa musu 'Yan Farin Kwano.

Kowace Salla Bawa yakan ɗauko janareto ya kunna kaset ɗin a tsakar gida, maza a tabarma, mata a bayan zana. Abokinsa Jibrilla, makiyayi daga Kurawa, bai taɓa fashi ba, bai kuma taɓa yin shiru ba.

"Kai Bagobiri, wanga abu ƙwallon ƙafa ka ce? Ina ƙafar? Sun ɗauki gwanda a hammata suna gudu, kowane da tozo biyu!"

"Kai dai tsaya ga shanu," in ji Bawa.

Amma abu ɗaya kowa ya yarda da shi, har Jibrilla. Kafin kowane karo, 'Yan Farin Kwano sukan taru su yi da'ira, su sunkuyar da kai, hannu bisa kafaɗar juna, sannan su tafa sau ɗaya su watse. Bawa ya ce Fatiha suke yi. Ba wanda ya ga dalilin musu. Mutanen da za su yi karo irin na raguna, me za su yi in ba addu'a ba? Shi ya sa suke ci, in ji Bawa. Ya riƙe wannan magana shekara talatin, har bayan da gara ta cinye kaset ɗin, har bayan da yanar ido ta rufe masa gani.

Autarsu Saudatu, malamar makaranta a Sabon Birni, ita ta ɓata lamarin ba da niyya ba. Ta zo hutu da sabuwar waya, uban ya ce ta duba masa kofi nawa mutanensa suka ƙara. Ta duba.

"Baba, ko ɗaya. Tun wancan na kaset. Bana ma sau tara a jere ana ba su kashi."

Bawa ya gyara zaman hularsa. "Duba mani wasansu. Suna taruwa kahin karo?"

Saudatu ta kalla. "A'a Baba. Da an tashi sai su ruga su ja layi."

"Shi ke nan!" Ya buga cinya. "Sun bar Fatiha! Yaran zamani, gaggawa ta hana su roƙon Allah. To ni Bawa, ba ni shan hura, ba ni shan magani, sai sun koma."

Aka yi dariya. Saudatu ta koma bakin aiki, ta bar wa uwar tsohuwar wayarta. Sai ga kwana ɗaya, ga na biyu, ƙwayar magani tana nan a murfin kwano inda Tani ta ajiye. Ruwa kawai yake sha. A asibitin Isa kuwa an faɗa mata da baki: kada ya tsallake ko na yini ɗaya.

Ta lallashe shi, ya juya wa bango fuska. Ta yi faɗa, ya ce ta yi wa Amurka. Ta aika wa Jibrilla, ya zo da ƙwaryar nono ya zauna bakin gado.

"Bagobiri, kakanninka da doki da mashi aka san su. Kai gwanda za ta kashe ka?"

"Ba ka san su ba, Jibrilla. Ba ka san lamba goma sha biyu ba. In ya jefa, wallahi ko shaho sai ya kauce."

"Na san shi mana. Sau talatin ina ganin ya jefa jifa guda."

Bawa bai ko murmusa ba. Jibrilla ya fito ya sami Tani a madafa, ya rage murya. "Uwargida, wanga karon da gaske shi kai."

Kwana na uku da la'asar Tani ta ga har yanzu bai taɓa ƙwayar ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko tsohuwar wayar. Ba caji, fuskarta baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da shi, fura da magani a gefen ƙafarta.

"Malam, yarinyarka ta turo sabon wasa."

Ya ɗago. "Mi ya sa ba ni jin ihu?"

"Na kashe muryar. An ce tana shan caji."

"To mi kika gani?"

Tani ta ƙura wa baƙar wayar ido. Ba ta taɓa zama aji ba, ba ta san dokar wasan ba, amma Salla nawa ta yi a bayan zana da ɗa a goye tana kallon kaset ɗin nan ta ɓular kara? Ta san shi kamar yadda ta san hanyar rijiya.

"Ga su sun fito. Sun taru, Malam. Sun yi da'ira, kai ƙasa."

"Dukansu?"

"Har da ƙaton nan mai tumbi."

"Alhamdu lillahi. Sai mi?"

"Sun tafa. Sun ja layi sun duƙa kamar masu shuka. Na tsakiya ya miƙo gwandar ta ƙarƙashinsa, abin nan da ban taɓa so ba. An yi karo. An danne wani, mutum shida a kansa. Alƙalin wasa mai riga zane-zane ya jefar da hankicinsa."

"Laihin wa?"

"Na waɗancan. Buɗe baki."

Ya buɗe don ya yi tambaya, ta saka ƙwayar, ta kafa masa kwanon fura. Ya haɗiye, ya kurɓa sau uku, ya goge gemu. "Ci gaba, ke!"

Ta ci gaba. Aka kori 'Yan Farin Kwano har bakin gidansu, suka sake Fatiha, suka taso. Saura kaɗan a tashi, ana gabansu da huɗu. Tani ta ji muryarta tana hawa ba da saninta ba, har akuya ta daina tuƙa tana kallonta. Lamba goma sha biyu ya ja da baya, taku ɗaya, biyu, uku, ya kauce wa wani, ya jefa. Lamba tamanin ya yi tsalle ya cafe da hannu ɗaya, ya faɗa cikin fentin ƙarshen fili.

"Mun ci, Malam."

Bawa ya laluba kwanon da kansa ya shanye sauran furar.

"Goma sha biyu ya jefa ma tamanin, kin ce?"

"Shi fa."

"Da hannu guda ya cahe?"

"Na hagu."

"Allah Sarki. Yanzu ai sun ba sittin baya, su biyun. Amma dubi tsalle." Ya miƙa mata kwanon. "Kin manta wurin da mai tumbi ya yar da kwanonshi. Gobe kada ki tsallake shi."

Tani ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ta ce, "Za ni sa a yi wa wayar caji."

"Bar ta haka nan. Ta hi nuna wasa mai kyau."

Daga ranar, kullum bayan la'asar 'Yan Farin Kwano sai sun ɗauki kofi a Kamarawa, kullum kuma Bawa sai ya sha magani kafin a je hutun rabin lokaci. Jibrilla ya ji labari ya riƙa zuwa ran kasuwa, yana zama yana kushe. Rannan Tani ta gaji, ta sa tamanin ya cafe da hannu biyu don a gama da wuri. Tsofaffin nan biyu suka taso mata kamar ta zagi wani.

Wata biyar suka yi a haka, har aka yanke gero aka ɗaure dawa. Bawa ya rasu wata Laraba da hantsi, da maganinsa a ciki. Hular tana rataye a ƙusa har yanzu.

Ran addu'ar bakwai Saudatu ta zauna kusa da uwar, ido a kumbure. "Inna, na bincika fa. Taruwar nan ba addu'a ba ce. Shawara suke yi, wa za a jefa wa."

"Ke da kika yi boko kin ji abin da suke faɗi cikin kwanon?"

"A'a."

"To rufa mani baki."

Da la'asar ta yi, mutane sun watse, Tani tana zaune a ɗakin takaba ba ta san inda za ta sa hannunta ba. Sai ta ji sandar Jibrilla a bakin zaure. Bai shigo ba. Ya yi gyaran murya daga bayan katanga.

"Uwargida," ya ce, "yau an yi wasa kuwa?"

Tani ta jawo baƙar wayar daga ƙarƙashin matashi, ta goge fuskarta da bakin zane.

"Samu wuri ka zauna," ta ce. "Yanzu suka taru."