Kaskon Pascuala

"To, Doña Casilda, wannan wurin sana'ar na waye?"

Yarinyar da ofishin tallafi ya aiko daga birnin La Ceiba ce ta yi tambayar, tana tsaye a bakin rumfa, tana kaffa-kaffa da takalminta saboda yashi. Marleny sunanta. Ta riga ta ɗauki hoton rufin da guguwa ta yaye, da na faffaɗan kaskon ƙarfen da ginshiƙi ya faɗo wa ya tsaga shi biyu, har da na magogin rogon da ke jingine da bango. Wannan ce tambayarta ta ƙarshe, kuma yadda ta yi ta ya nuna ba ta ɗauke ta a bakin komai ba.

Maƙwabciyata Casilda tana zaune a kan turmi kife, tana jan numfashi a hankali.

"Na Pascuala ne, 'yata."

"Wace ce Pascuala?"

"Uwata."

"Tana ina yanzu?"

Casilda ta nuna bayan coci da haɓa. "Tana can kwance. Ta fi mu hutawa."

Na yi gyaran murya irin wanda na saba yi a aji kafin in bar koyarwa, na ce, "Abin da take nufi shi ne..."

"Na gane, Malama Teófila, amma daga bakinta ake so. Wayar nan tana ɗaukar murya." Ta ɗan durƙusa. "Doña, tallafin na matan da suka mallaki sana'arsu ne. Ke ce mai wannan wuri?"

"Ni ke hura wutar. Ni ke gashin. Tun ba a haifi uwarki ba nake wannan aiki." Casilda ta dube ta da tausayi, kamar mai duban yaron da bai san hagu da dama ba. "Amma ga ni da raina, ta yaya zai zama nawa?"

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe bai sake ta ba.

A unguwarmu ta 'yan ƙabilar Garifuna mace ba ta kiran kaskon gasa ereba, wato gurasar rogo, nata. Kasko yana amsa sunan wadda ta mutu ta bar shi. Idan kika ce naki ne, kamar kin kori uwarki daga gidanta ne, kuma kin kira wa kanki abin da ba a gaggawar kira. Ni da na yi karatu, nake kuma ganin na fi ƙarfin camfi, ban taɓa jin bakina ya kira kaskon gidanmu da wani suna ba sai na kakata.

Marleny ta miƙe, ta kashe wayar. Ba muguwa ba ce. Ta ce abin da aka ɗauka ba ta da ikon gogewa, manya ne za su saurara, amma za ta roƙa a ba ta damar dawowa ta sake tambaya. Casilda ta sa aka naɗe mata gurasar rogo guda biyu daga cikin wadda maƙwabta suka kawo mata, tana ba ta haƙuri cewa ba gashin hannunta ba ne.

Motar ba ta gama juyawa ba Dilcia ta fito daga ɗaki. Ita ce 'yar Casilda, ni kuma uwar baftismarta.

"Mama, kalma ɗaya fa. Kalma ɗaya aka ce ki faɗa."

"Na faɗi biyu ma."

"Ki yi ta raha. Idan na tafi sai ki yi da kaji."

Ta koma ciki. Casilda ba ta bi ta da ido ba, tsagin kaskon take kallo.

Abin da ya kai mu nan kowa ya san shi. Da annobar korona ta zo aka rufe hanyoyi, motocin da ke kwasar ereba zuwa kasuwar birni suka daina zuwa. Ana cikin haka guguwa ta rushe rumfar. Daga baya cutar ta kwantar da Casilda, ta tashi, amma ƙirjinta bai koma daidai ba. Otal ɗin da Dilcia take aiki a ciki ya rufe, ta dawo gida ta tarar da sa'o'inta sun kama hanyar ci-rani zuwa ƙasashen Arewa, ɗaya bayan ɗaya. Ta gaya wa uwarta ƙarara: idan an ta da rumfa, an sami sabon kasko, za ta zauna ta riƙe gashin, idan ba a samu ba, za ta bi su. Casilda ta san hanyar nan. Ɗanta Wilmer ya bi ta tun da daɗewa, ya kira daga wani gari a Meziko ya ce gobe za su tsallaka iyaka, kuma wannan goben ba ta iso gidan ba har yau.

Washegari bayan sujadar safe na shiga wurinta, na jawo kujera na zauna a gabanta.

"Yaya Casilda, za mu yi darasi. Ki ce: nawa ne."

"Naki ne."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma. Ki ɗauka, ki gasa alli a kai."

"Tsakanin kalma da 'yarki, wacce za ki zaɓa?"

Ina jin numfashinta yana ƙara kamar ana goga rogo a nesa. Can ta ce, "Kin san Pascuala. Kin san bakinta. Ranar da na isa can, me zan ce mata?"

"Ki ce mata jikarta kika tsare."

"Ke dai da tabaranki, komai kina da amsarsa." Ta gyara ɗankwali. Sai na ga idonta ya yi haske irin na yarinyar da ta samo dabarar satar amsa. "Da Sifaniyanci zan faɗa. Pascuala ba ta taɓa jin Sifaniyanci sosai ba, sai yarenmu."

Ta faɗa. Ta faɗa da ƙaramar murya, tana kallon ƙofa. Daga nan ta yi alamar gicciye, ta ce in ba ta ruwa.

Tun daga ranar ta shiga shiri. Da hantsi Dilcia za ta sa mata rigarta mai ratsin shuɗi, ta ɗaura mata ɗankwali, mu riƙe ta mu kai ta bakin rumfa. A nan za ta zauna tana fuskantar hanya, har rana ta yi zafi mu mayar da ita. Matan da ke wucewa zuwa gona sukan tsaya.

"Casilda, wa ake jira da wannan kwalliya? Saurayi?"

"Gwamnati. Ta fi saurayi alkawari, ta fi shi makara."

Na kira ofishin, aka ce batun yana hannun manya. Na sake kira, aka ce ruwa ya ci gada a wani yanki, ma'aikata suna can. Na hau mota na je da kaina. Na zauna a layi tare da mata masu ɗinki, da masu suyar kifi, da wasu 'yan ƙabilar Miskito da suka kwana a hanya. Wanda na samu ya karɓe ni da mutunci, ya duba, ya ce an amince Marleny ta koma, sai dai motar ofis ɗaya ce, ƙauyukan kuma da yawa. Na ce masa matar ba ta da lafiya. Ya ce Allah ya ba ta sauƙi, kuma na ga da gaske yake. Na ce ko za ta iya faɗa ta waya. Ya ce dole a gan ta a wurin sana'ar. Na fito na tsaya a bakin titi. Duk takardun da na taɓa rubuta wa mutanen ƙauyenmu, da wasiƙun da na karanta musu, ban taɓa jin karatuna ya yi mini ƙaranci kamar ranar ba.

Da na dawo ta tambaye ni, "Me suka ce?"

"Suna tafe."

"Kin yi ƙarya a gaban hoton Budurwa Maryamu, Malama."

"Sun ce suna tafe. Ban ce yaushe ba."

Sannu a hankali tafiya zuwa rumfa ta gagara. Muka matsar da gadonta kusa da taga. Duk da haka ba ta yarda ta kwanta ba ɗankwali ba. Abinci ya koma romon kifi da ruwan kwakwa, cokali biyu ta kau da kai. Dilcia ta daina maganar tafiya, ta daina maganar zama. Tana wanki, tana shara, tana juya uwarta, idan wayarta ta yi ƙara ta fita bayan gida ta amsa.

Fada, limamin cocinmu, ya zo ranar wata Alhamis ya shafa mata man addu'ar marasa lafiya. Bayan ya tafi ta kira ni da ido, na sunkuya.

"Ban manta ba," in ji ta. Ta maimaita kalmomin nan biyu na Sifaniyanci, leɓɓanta kawai ke motsi.

"Na ji, Yaya. Kin ci jarrabawa."

Washegari da tsakar rana muka ji ƙarar mota ta tsaya a kan hanya. Ta buɗe ido.

"Su ne?"

Dilcia ta leƙa. Mai sayar da tukunyar gas ne, yana kiran masu saye. Ta juyo ta dube ni, na dube ta. Casilda ba ta sake tambaya ba. Na ɗauki carbina na fara addu'a, Dilcia tana riƙe da ƙafafunta. Ban kai ƙarshe ba na lura ƙarar nan ta ƙirjinta ta daina. Mai gas yana can yana ta kira.

Muka binne ta bayan coci, kusa da uwarta.

Marleny ta zo ana cikin addu'o'in kwana tara. Ta sauko daga mota da fara'a, sai ta ga kujeru a tsakar gida, da kyandir, da mata cikin baƙi da fari. Ta tsaya cak. Ta cire hularta ta ofis, ta zo ta yi wa Dilcia ta'aziyya, aka ba ta kofi ta riƙe ba ta sha ba. Bayan ɗan lokaci ta ja ni gefe.

"Malama, batun Doña Casilda ya rufu, ba yadda zan yi. Amma shirin bai ƙare ba sai ƙarshen wata. 'Yarta mace ce, 'yar Garifuna ce, sana'ar gado ce. Idan ta faɗa yau cewa nata ne, zan buɗe sabo da sunanta. Ban yi alkawarin za a ba ta ba, amma zan kai da hannuna."

Na sami Dilcia a madafa tana yanka burodi.

"'Yata, kin ji abin da ta ce?"

"Na ji, Inna."

"Uwarki ta yarda za ta faɗa. Saboda ke ta yarda. Ni shaida ce."

"Na sani. Ina jin ta tana haddacewa."

"To, ki zo."

Ta goge hannu a zani ta biyo ni. Matan da ke tsakar gida suka taso suka tsaya daga nesa, tsofaffin cikinsu suna gaba. Marleny ta kunna wayar, ta faɗi kwanan wata da sunan ƙauye, sannan ta tambaya a hankali, tana kallon Dilcia cikin ido kamar mai miƙa wa wani hannu a bakin rafi.

"Dilcia Norales, wannan wurin sana'ar na waye?"

Dilcia ta dubi kaskon. Ta dubi matan. Ni ba ta dube ni ba.

"Na Casilda ne."

Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Haka ne," a hankali, yadda ake amsa addu'a.

Marleny ba ta kashe wayar nan da nan ba. Ta jira. Ni ma na jira. Dilcia ta juya ta koma madafa, muka ji wuƙa ta ci gaba da sauka a kan katako.

Har yau ban sani ba ko bakinta ne ya kasa, kabarin uwarta bai bushe ba, ko kuwa ta riga ta yanke shawara tun a bayan gida, kalmar ta zo ta buɗe mata ƙofa. Ban tambaye ta ba. Na kai batun gaban Ubangiji sau da yawa, shi ma bai ga ya dace in sani ba.

Ba a daɗe da gama addu'o'in ba ta tafi, ita da wasu 'yan mata biyu daga ƙauyen gaba. Ta kawo mini makullin gida, ta durƙusa na sa mata albarka. Na ce ta kira ni daga kowane gari. Ta ce to. Ta kira daga Gwatemala, ta sake kira daga wani wuri mai hayaniya da ban ji sunansa da kyau ba. Ina ajiye wayar a aljihu ko da a coci nake.

Jiya da yamma na shiga gidan don in buɗe tagogi ya sha iska. Da zan fita na bi ta rumfa. A ƙarƙashin murhu, cikin tsohuwar toka, wata jar kaza ta tona gurbi ta kwanta. Ban san ta wane gida ba ce. Ta ɗago kai ta dube ni da ido ɗaya, ta gyara fikafikanta a kan ƙwai, ba ta tashi ba. Na ja ƙyauren kara a hankali don kada karnuka su shiga.