Kaset ɗin Inno

A shekarun da kuɗin fetur suka sa kowa ya fara jin kansa, Malam Iro, akawu a ofishin gona, ya lallaɓa ya sayi Fijo ta hannu. Mota lafiya lau, sai dai rediyonta: wani kaset ya shiga ya ƙi fita. Duk wanda ya ce a sa masa waƙa, sai Iro ya ce, "Ai ta mutu." Ƙarya yake yi. Idan ya kaɗaita sai ya murɗa, muryar Inno, mahaifiyarsu, ta cika motar.

Ranar sunan 'yarsa Nana aka ɗauka, da rakodar aro. Ba waƙa ba ce, ba wa'azi ba. Inno ce kawai tana korar kaji daga geron da ta shanya, tana ta faɗa, can ta ce, "Iro, kashe abin nan ka zo ka ci tuwo." Damina ba ta zagayo ba Allah ya karɓi abarsa. Ko hoto ba ta bari ba, don ba ta yarda a ɗauke ta.

To, Iro yana da wa, Alhaji Babaji, ɗan kwangila, mutumin da idan kyauta ta motsa masa ba ya shawara da kowa. Ya ari motar wata Asabar, wai tasa tana gareji. Da la'asar ya dawo da ita yana washe baki.

"Ka daina ba mu kunya cikin gari, Iro. Murɗa ka ji."

Iro ya leƙa. Sabuwar rediyo fil, sai ƙyalli take yi. Ya ji kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Amma ƙane ba ya ɗaga wa wansa murya a ƙofar gida, balle wan da ya zo da kyauta. Ya rusuna, zuciya na tafasa, ya ce, "Na gode, Yaya. Allah shi ƙara arziki. Ina waccan take?"

"Tana wurin Dabo mai gyara, Ƙofar Kwaya. Mi za ka yi da gwangwani?"

A kan bencin Dabo Iro ya tarar da ita, an farke mata ciki, wayoyi a waje.

"Ina kaset ɗin?"

"Ai shi ya cuce ta, Malam. Sai da na sa sukundireba na fasa shi, na zaro zaren. Wani Sule na Batagarawa yana zaune nan, ya ce in ba shi ya ɗaura ma gona, tsuntsaye sun dame shi."

"Wa ya ce ka taɓa mani kaya? Wa ya aike ka?"

"Alhaji ya ce in cire."

"Motar Alhaji ce?"

Dabo ya buɗe hannuwa. "Yayanka ne fa."

Iro ya zazzage masa duk faɗan da ya haɗiye a ƙofar gida, har maƙwabta suka fito ba da haƙuri. Ihu ne bayan hari, shi ma ya sani, kuma sanin ya ƙara ƙona masa rai. Ya figi mota ya koma gida. Babaji na nan bisa tabarma, yana ba mutane labarin tsadar rediyon.

"Yaya, taso ka raka ni."

Suka kama hanyar Batagarawa. Babaji ya kai hannu zai kunna sabuwar rediyo, ya ga fuskar ƙanensa, ya janye. Suka yi tambaya, aka nuna musu gonar Sule.

Gero ya yi kai. An yayyanka zaren kaset ɗin, an ɗaɗɗaura daga kara zuwa kara, yana walƙiya, iska na kaɗa shi yana wani siririn kuka. Tsuntsaye suna zuwa, suna juyawa.

Babaji ya ce, "Wai mi muka zo yi nan?"

"Ka tuna ranar sunan Nana, da na aro rakoda?"

Babaji ya dubi zaren, ya dubi Iro, murmushin ya bar fuskarsa.

Iro ya nuna gonar. "Ga Inno nan, Yaya, tana tsaron geron wani. Ka gaishe ta."