Begila Cikin Tuta

Tun a cikin jirgin ƙasa Noboru yake satar kallon tutar. 'Yarsa Chizuru ce ta jingina ta da kafaɗa a naɗe, ba ta san begilar ubanta na kwance a tsakiyar naɗin ba. A ƙofar sabon filin ana bincika jakar kowa, har robar ruwa sai an leƙa, amma babu mai warware tutar magoya baya. Haka Chizuru, shugabar ƙungiyar magoya bayan, ta shigar da haramtaccen kaya da hannunta, har tana rusuna wa masu gadi.

Shekara arba'in da ɗoriya Noboru ya yi yana busa wa kulob ɗin besbol na Kaguwa a tsohon fili, can bakin tashar jiragen ruwa, inda ƙarnin kifi ke shigowa kyauta kuma ba wanda ya taɓa cewa an dame shi. Bana aka kwashe kulob ɗin aka kai shi bayan gari, tsakiyar gidajen masu ban ruwan furanni da yamma. Kafin a kafa tubali sai da mutanen unguwar suka gindaya sharaɗi: ba begila, ba ganga. Chizuru ta ƙare sanyin bara tana zarya ofis-ofis, tana rusunawa har bayanta ya ƙage, kafin a bar wa ƙungiyarsu kujeru da jajayen rigunansu. An kuma faɗa mata ba ɓoye-ɓoye, ranar da aka ji busa ko ɗaya, su duka an kore su ke nan.

To yau ga ranar Minowa ta zo. Kowane mai bugu da waƙarsa, ana busa ta idan ya fito da sanda, ranar da ya ajiye wasa kuma a busa ta ta ƙarshe, shi ke nan ba a sake taɓa ta. Noboru ne ya tsara ta Minowa tun yana sabon shiga, siriri kamar tsinke, ana yi masa ihu a mayar da shi ƙauye. Yanzu gwiwoyi sun ƙi, furfura ta fito, yau zai yi bugunsa na ƙarshe. A ce a sallami irin wannan mutum da tafi da sandunan roba?

Da suka isa kujerunsu ya yi wuf ya ce shi zai warware tutar. Ya zare begilar, ya lulluɓe ta da tawul, ya tura ƙarƙashin kujera. Yana ɗagowa suka haɗa ido da Gonda, tsohon makaɗin gangarsu, wanda yanzu ba abin da ya rage masa sai sandunan roba da baki.

"Kai, tsohon banza," in ji Gonda ƙasa-ƙasa. "Mene ne wancan mai ƙyalli?"

"Abincin rana ne."

"Abincin rana mai baki kamar mazurari? To ka ci kai kaɗai, kada ka sammini. Ni jikata aka yi wa alkawarin riga baɗi, kada ka ja mana."

Aka fara wasa. Lasifika na ta zuba irin kiɗan da ake sa wa masu sayayya a kanti, ƙungiya na bi da murya da ƙwas-ƙwas ɗin roba. Noboru bai iya cin ko dunƙulen shinkafa ɗaya ba. Diddigensa na kan tawul ɗin, duk sanda mai gadi ya gifta sai ya ji gumi na bin bayansa. Wani matashin mai gadi kuwa ya zo ya kafe a bakin matakalarsu, da waya a kunne, kamar an dasa shi.

A zagaye na bakwai aka tashi kaɗa tuta. Chizuru ta sunkuya ɗaukar ruwa, hannunta ya taɓa ƙarfe. Ba ta ɗaga tawul ɗin ba, ai ta san abin tun tana goye. Ta miƙe a hankali, ta matso da bakinta kunnensa, tana murmushi saboda idon mai gadi.

"Baba, ta ina ta shigo?"

Idonsa ya kai kan tutar.

"Cikin tutata? Ni ka sa na ɗauko ta?" in ji ta. "Haba Baba. Ka dubi mutanen nan. Ka dubi Gonda, da ba don wurin nan ba da tuni ya mutu a ɗaki. Wake ɗaya za ka zama ka ɓata mana gari?"

"Sau ɗaya ne, Chizuru. Baiti ɗaya."

"Baiti ɗayan aka ce mana. Kana wurin aka faɗa."

"Ke ba ki san yaron nan ba lokacin da..."

"Na san shi! A kan cinyarka na koyi waƙar. Kana tsammani ni ba ta cina? Don Allah, Baba. A matsayin 'yarka nake roƙo, kada ka sa in yi magana a matsayin shugaba."

Ta koma gaba ta ɗaga hannu, ƙungiya ta ɗauki waƙa. Amma rabin fuskarta na wajensa, shi ma ya sani.

Zagaye na takwas, sai ga Minowa ya fito daga rumfar 'yan wasa yana jujjuya sanda, yana jiran na gabansa ya gama. Fili ya ɗauka gaba ɗaya. Wani daga kujerun sama, cikin mutanen tsohon fili, ya ƙwala ihu: "Noboru! Ina begila? Ko ta tsufa ne?" Wasu suka amsa masa, "A busa! A busa!" Mai gadi ya dafe wayar kunnensa ya hau matakala biyu. Gonda ya damƙe gwiwar Noboru da hannu, yana cewa, "Zauna, mutumina, zauna, kada shaiɗan ya hau ka."

Noboru ya ture hannun ya miƙe. Ya kwance ɗamararsa, ya tuɓe jar rigar. Duk na kusa suka yi tsit, don dokar ƙungiya ce tun kafin a haifi Chizuru: wanda ya tuɓe riga ana cikin wasa ya fita ke nan, ba ya sake sa ta. Shi kansa ya sha zartar da ita a kan wasu. Ya ninke ta yadda ake ninkewa, ya miƙa wa 'yarsa da hannu biyu.

"Shugaba, ga rigarku. Daga yanzu abin da na yi ba ruwan kowa."

"Baba, ina za ka?"

Ya rungumi tawul ɗin ya bi ta gaban mai gadi, wanda ya rasa ko kama shi zai yi ko gaishe shi.

Tsohon fili taku kaɗan ne ka fita titi. Wannan kuwa an gina shi ne don kada ka fita sai ka sayi wani abu. Noboru ya kutsa tsakanin shagunan taliya da na huluna, ƙaramin rediyonsa manne da kunne, ƙirjinsa na zafi. Mai sharhi ya ce an fitar da na gaban Minowa. Ya bi wata hanya ta kai shi banɗaki, ya juyo yana zagi. Mai sharhi ya ce ga Minowa nan yana tahowa, ya cire hula ya rusuna wa fili. Matar da ke bakin ƙofa ta ce, "Baba, in ka fita ba dawowa fa." Ya ce ya ji.

Ya faɗa filin ajiye motoci yana haki, rana na dukan gilasai. Ya ɗora rediyon kan wata mota, ya juya ya fuskanci ginin. A rediyon ya ji dubban mutane sun ɗauki waƙar da baki kawai, ba abin da ke jan su, har sun fara rarrabuwa. Ya share leɓe ya ɗaga begilar.

Wata shida bai busa ba, sautin farko ya fito a karye. Na biyu ya miƙe. Daga nan ya saki duk abin da ke ƙirjinsa, yadda yake yi a da har masu sauke kifi su tsaya da aiki. Minowa ya kai wa ƙwallon duka ya kuskure, Noboru ya sake ɗaukowa daga farko. Leɓensa ya fashe, ya ji gishirin jini, bai tsaya ba. Wani kare ya kama haushi a bayan shinge. A jifa na gaba Minowa ya sami ƙwallon, ta tashi sama, ta yi nisa, mai sharhi ya fara ihu, sai wani daga abokan hamayya ya cafe ta dab da katanga, an fitar da Minowa ke nan. Noboru ya ƙarasa baitin duk da haka, sannan ya zauna a gefen kwalta yana kuka kamar yaro. Daɗi yake ji. An kore shi, amma Minowa ya tafi da waƙarsa, kuma ba wanda za a taɓa.

Yana nan zaune har aka tashi, mutane suka fara kwararowa. Chizuru ce ta gano shi. Ta taho da gudu, idanunta jajir, ta durƙusa a gabansa ta kama hannuwansa biyu.

"Baba, tun da ka fita kunnena na waje, ina jira in ji ta. Har aka cafe ƙwallon ina jira." Ta sunkuyar da kai har goshinta ya taɓa hannunsa. "Na san yadda abin ya ci ka. Na gode da ba ka busa ba."

Noboru ya ɗaga ido ya dubi ginin. Katanga ce mai kauri, an yi ta musamman don kada hayaniyar ciki ta dami maƙwabta, ashe ta waje ma ba ta shiga. Ya sa bayan hannu ya rufe leɓensa kafin ta ɗago.

"Ba komai," ya ce. "Ya dai ji waƙar?"

"Ya ji, Baba. Mun yi iya yinmu da baki."